Rabi da Yaron da Ba Ya Kuka

Ranaku da yawa na aikin nan sun fita daga kaina, amma ranar da aka dawo mana da ɗan Rabi karo na biyu ta ƙi fita. Ku 'yan sitaj, masu koyon aiki, da kuka dame ni in ba ku labari kafin in ajiye aiki, to ku gyara zama, kuma ku kife wayoyin nan a kan cinya.

Lokacin ban daɗe da dawowa Sokode ba, bayan dogon zaman aiki da na yi a Dapaong. An ba ni muƙamin majo a sashen yara, wato shugabar ma'aikatan jinya. Wanda bai san asibiti ba yana ɗauka majo wata babba ce. Majo ita ce wadda likita zai yi wa faɗa, iyayen yara su yi mata, masu shara su yi mata, ita kuma ta koma gida ta sauke wa mijinta. A sashen muna da ɗaki guda na yaran da suka rame. Tsarin ɗakin kun san shi: da safe a auna nauyin yaro, a auna damtsensa, a ba shi madara ta musamman kaɗan-kaɗan, in cikinsa ya karɓa a ƙara. Daga baya a koya wa uwa dama kunu mai gyaɗa da waken suya. In nauyi ya hau sai a sallame su, su riƙa dawowa awo.

Ɗan Rabi ya bi wannan hanyar duka a zuwansa na farko. Ya ɗan hau, aka sallame shi, ba a jima ba ya dawo ya fi da ramewa. Sunansa Idirisu, ya kusa wata tara. Likita ya bincike shi ciki da waje. Babu zazzaɓin sauro, babu tsutsar ciki, babu tarin fuka, jininsa lafiya. Gidansu kuma ba gidan yunwa ba ne. Ubansa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tsakanin Lome da Wagadugu, duk wucewar da zai yi ta Sokode sai ya sauke masara da shinkafa. Uwar tana da nono. Tsabta kuwa ba a magana, rigar yaron kullum kamar yanzu aka ciro ta daga shanya.

Rabi 'yar shekara ashirin da 'yan kai ce, doguwa, mai shiru. Irin uwar da kowace majo take roƙon Allah ya kawo mata. Abin da aka ce ta yi shi take yi, a kan lokaci, ba musu, ba tambaya. Yaron kuma ba ya kuka. A ɗakin da yara ke tsala ihu har mutum ba ya jin maganar kansa, shi yana kwance yana kallon bango. Ko allura aka yi masa, ya ɗan yamutsa fuska ya koma ga bangonsa. Ma'aikata suna ƙaunarsa, matan ɗakin suna ce wa uwar ta yi dace. Ita ma iyakar alfaharin da na taɓa ji daga bakinta ke nan, wai ɗanta ba ya damun kowa.

Likitanmu mutumin kudu ne, kuma shi ya fara lura. Wata safiya muna zagaye, ya tsaya a gadonsu ya tambaye ni da Faransanci me ya sa matar nan ba ta kallon ɗanta. Tana ba shi nono idonta na kan taga, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana. An yi sa'a ko rashinta, surukar Rabi tana wurin. Hajiya Mero ke nan, uwar direban, ta zo dubiya daga Sotubuwa inda take sayar da waci, shinkafa da wake, a bakin titi. Da aka fassara mata tambayar sai ta yi dariya, ta ce a gaya wa likita kunyar ɗan fari ce.

Ga waɗanda ba 'yan unguwar Zango ba a cikinku, bari in yi bayani. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban suruka. Ƙari a kan haka, Idirisu sunan marigayi mijin Hajiya ne, kunyar ta zama biyu. Hajiya ta ce a zamanin nan da 'yan mata ke ɗaukar ɗan fari hoto suna nuna wa duniya a waya, ita Allah ya ba ta suruka mai tarbiyya. Mu 'yan Zango da ke sashen muka gyaɗa kai, muka ƙara wa likita bayani har da misalai daga gidajenmu. Ya ce al'ada ce mai ban sha'awa, ya wuce gado na gaba.

Sai dai Hajiya ba ta tsaya nan ba. Ta ja ni gefe ta ce yarinyar tana da kirki amma hannunta bai karɓi goyo ba. In an sallami yaron wannan karon, za ta tafi da shi Sotubuwa ta yaye shi ta riƙe. Ai dama kaka ce ke ɗaukar ɗan fari lokacin yaye, ita matso da lokacin kawai za ta yi. Ɗanta ya riga ya amince ta waya. Da aka gaya wa Rabi sai ta ce, “To.” Ba wanda ya iya gane ko abin ya dame ta.

Bayan 'yan kwanaki, wata rana bayan azahar, an kori masu dubiya, zafi ya kwantar da kowa. Na bi ta barandar baya zan duba famfon da ya lalace, sai idona ya faɗa cikin ɗakin ta taga. Akwai wata 'yar Fulani daga wajen Blitta, ita ma ɗan fari ta kawo. Da safe in ka ce mata “ɗanki” sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai ga ta a cikin gidan sauro ta kama ƙafar yaron tana ɗan cizon yatsunsa, tana yi masa wasu surutai, shi kuma yana ƙyalƙyatawa. Muna haɗa ido ta saki ƙafar kamar na kama ta da hannu a tukunyar nama. A gadon da ke kusa kuwa Rabi ce zaune a bakin katifa, hannaye a cinya, yaron yana bayanta yana kallon bango. Ba kowa a ɗakin da ke kallonta, kuma zamanta bai bambanta da na gaban suruka ba.

Ni ma na yi kunyar ɗan fari. A tsakar gida nakan ture Aminu in ce a ɗauke mini shi, in an saki labule kuwa har sai ya gaji da ni. Kowace mace da ta yi ta san don idon mutane ake yin ta. Wannan da na gani ba ta da alaƙa da idon kowa. Na bar maganar famfo na nufi ofishin Musye Lare.

Musye Lare shi ne pisikolog ɗinmu, wato masanin abin da ke damun zuciya da tunani. Ba ya rubuta magani, magana yake yi da mutane. Ofishinsa tsohon ɗakin ajiye kaya ne, kuma mutane kan bi ta nesa da ƙofar don sun ɗauka ta mahaukata ce. Ɗan ƙabilar Moba ne daga Dapaong, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta san mace ba. Kowa a wajensa “shi” ne, har ni.

Ya zo ya zauna a ɗakin yana kallo, kamar wanda ya zo jiran wani. Daga nan ya fara kiran Rabi ofis, ina zama tare da su don kada a ce matar aure ta keɓe da namiji. Bai tambaye ta yaron ba, ita ya tambaya. Wannan ya rikita ta, don ba ta ga abin da za a tambaya a kanta ba. Sai da aka yi zama da yawa kafin labarin ya fito, shi ma gutsure-gutsure.

Uwarta ta rasu tana goye. Uban ya tafi Gana neman kuɗi, shiru. Ƙanwarsa ce ta ɗauke ta a Dapaong, Gwaggo, mai bin kasuwannin mako, yau Tanjuware, gobe Sinkase, jibi wani ƙauyen. Kafin gari ya waye za ta ajiye mata koko da tuwo a kwano, ta kulle ɗakin ta waje don kada yarinya ta faɗa rijiya, sai bayan magariba ta dawo a gajiye ta kwanta. Da Rabi ta yi wayo aka daina kullewa, ta zama mai shara da wanke-wanke. Na san irin gidajen nan, na shiga da yawa lokacin da nake can. Matan ba mugaye ba ne, in ba su fita ba ba a ci. Rabi ma ta dage a kan haka. Ta ce Gwaggo ba ta taɓa dukanta ba, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Musye Lare ya tambaye ta, in ba ta da lafiya a lokacin, wa take gaya wa. Ta yi tunani mai tsawo, da gaske take son ta ba shi amsa daidai. Sannan ta ce, “A gaya wa wani don me?”

Da ta fita ya yi mini bayani. Ya ce kuka shi ne kiran jariri. In ya kira aka zo, ya kira aka zo, sai ya koyi cewa ana jin sa, kuma ya cancanci a zo. In ya kira ba a zo ba, wata rana sai ya daina, kuma da wannan darasin yake girma. Irin wannan in ya zama babba ba ya gane yunwarsa, ba ya gane ciwonsa, ba ya iya roƙon komai, kullum gani yake ya takura wa mutane. Ya ce wanda aka daka yana da tabon da zai nuna, ita kuwa ba wani abu aka yi mata ba, abin da ba a yi ba ne, shi ya sa ita kanta ba ta san akwai shi ba. Yaron kuma da ba a kallo, ba a lallashi, sai ya ɗan tsotsa ya saki, ita ba za ta bi shi ba, don a saninta wanda ya yi shiru ya ƙoshi.

“Uwar nan bai ƙi ɗansa ba, Majo,” in ji shi. “Abin da aka ba shi, shi yake bayarwa. Abinci, da wanki, da shiru.”

Ranar na ce bari in duba ta ita ma. Na sa ta ɗaga mayafi, sai ga kumatu ya kumbura suntum, haƙori ya ruɓe har ya tara ruwa. Tun kafin su zo take fama da shi, ga ta a tsakiyar asibiti, masu farar riga suna wucewa ta gabanta safe da yamma. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ta ga muna da aiki. Wallahi haushi ya kama ni har na rasa wa zan ji haushinsa. Na kai ta da kaina aka cire.

Maganin da Musye Lare ya tsara kashi biyu ne, na yaro da na uwa. Na yaron, safe da la'asar a shimfiɗa tabarma a barandar baya, a saki labule. Bai ce a yaƙi kunya ba, ya ce kunya ta tsaya a waje ta jira. Rabi ta ɗora yaron a ƙafafunta suna fuskantar juna, ta shafa masa man kaɗanya a hankali, in ya yi wani sauti ta maimaita, in ya kalli wani abu ita ma ta kalla. Da farko tana yi kamar mai shan magani mai ɗaci, jim kaɗan ta ɗago ta tambaye ni ko ta gama. Ta ce ba ta san abin da ake ce wa wanda ba ya amsawa ba. Na ce ta riƙa gaya masa abin da take yi. Sai ta fara: “Yanzu ina shafa maka mai. Yanzu na gama hannu. Yanzu ƙafa.” Muryar mai karanta labarai a rediyo sak. Na kalli Musye Lare, ya ce madalla, haka ake so.

Nata kashin kuwa, kullum sai ta roƙi abu ɗaya don kanta. Ranar farko ta roƙi tsintsiya ta share ɗakin. Musye Lare ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Washegari ta roƙi sabulu don wankin yaro, shi ma aka ƙi karɓa. Ta yi kwanaki tana zagaye ofishina ta kasa shigowa. Wata safiya ta tsaya a bakin ƙofa, ido a ƙasa, ta tambaya ko akwai sauran shayi. Ba saura, amma na dafa sabo na ce shi ne sauran. Bayan wannan yana koya mata sunayen abin da take ji, don ita kalmominta biyu ne, “lafiya lau” da “ba komai”. Sai ya tambaye ta a ina take jin abin, a ƙirji ko a ciki, mai nauyi ne ko mai zafi, daga nan su nemo masa suna tare.

Duk wannan yana buƙatar lokaci, gado kuwa ba ya jira. Na je wajen likita na roƙi kada a yi saurin sallamarsu. Ya ce, Majo, gadajen nan na marasa lafiya ne. Na ce ai biyu ne a gado ɗaya, asibiti ma ya ci riba. Ya saurari bayanin har ƙarshe, don mutum ne mai sauraro, ya ce shi dama abin bai kwanta masa ba tun farko. Ya ba mu har ranar da nauyin yaron zai kai mizani, ba ƙari.

Ana nan wata safiya Rabi ta tashi za ta ɗauraye kwano, yaron ya bi ta da ido, ya buɗe baki ya tsandara ihu. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya waiwaya. Ba mu san yana da murya haka ba. Daga ranar kuwa ya kama sana'a. Matan ɗakin suka ce mun lalata yaron kirki. Masu aikin dare suka kawo mini ƙara cewa gado ɗayan da suke hutawa da shi mun ɓata musu. Musye Lare kaɗai ke yawo yana murmushi kamar an ƙara masa girma.

Rabi kuwa abin bai zo mata da daɗi ba. A kukan farkon nan ta sandare, kwano a hannu, jikinta yana rawa, sannan ta fice. Na same ta a bayan famfo a tsugune. Ta ce in yaron ya yi kuka ƙirjinta yana ɗaurewa, wani fushi yana taso mata, ji take kamar ta ja ƙofa ta rufe shi a ciki. Wannan ne karo na farko da ta faɗi abin da take ji ba a tambaye ta ba, kuma ba abu mai daɗin ji ba ne.

“Tanti, gara Inna ta tafi da shi,” ta ce, tana nufin Hajiya. “Ni muguwa ce.”

Na ce muguwa ba ta zuwa bayan famfo ta yi rawar jiki. Musye Lare ya gaya mata wannan fushin sananne ne ga waɗanda suka tashi irin tashinta, kuma jin sa daban, aikata shi daban. Ya koya mata in abin ya taso ta kwantar da yaron inda ba zai faɗo ba, ta fita ta sha iska, ta kira wani in akwai, sannan ta koma. Ya ce fitar ba laifi ba ce, komawar ita ce maganin. Ta riƙa komawa. Wata rana da sauri, wata rana sai na je na taho da ita. Akwai ranakun da ta koma zamanta na bakin katifa kamar ba a taɓa yin komai ba. Amma yaron ya fara cin abinci da gaske, don yanzu in ya saki tana sake miƙa masa, nauyinsa kuma ya riƙa hawa. Mu dai murna muke muna fargaba, don duk hawan da ya yi yana matso da ranar zuwan Hajiya.

Musye Lare bai ɓoye mini gaskiya ba. Ya ce wannan ba ciwon da ake warkewa a 'yan makonni ba ne, na shekaru ne, kuma yana son mutum tsayayye a gida, ga miji kullum a hanya. Ya ce in Hajiya ta tafi da yaron wataƙila ya rayu lafiya, don mace ce mai son yara. Amma za a raba shi da nono yana tsakiyar farfaɗowa, a raba shi da fuskar da ya fara nema, Rabi kuma ta koma ɗaki ita kaɗai da tabbacin cewa ba ta iya ba, na biyun da za ta haifa ya tarar da abin da na farko ya tarar. Ba mu da ikon hana kaka jikanta. Rabi ce kaɗai za ta iya roƙa, kuma ya gargaɗe ni, da yake ya san bakina, kada in yi magana a madadinta.

Ranar sallama Hajiya ta sauka daga kan zem, babur ɗin haya, da sabon zanen goyo a hannu. Muka shiga ofishina mu uku da yaron. Na yi mata bayanin yadda ya samu sauƙi a hannun uwarsa, ba tare da na buɗe sirrin Rabi ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke shi, ya banƙare yana ihu yana miƙa wa uwar hannu. Ta ce ƙyuya ce, kwana biyu za ta wuce. Na ci gaba da kawo dalilai har ta ɗaga mini hannu.

“Majo, ke kaɗai ke ta magana. Mai ɗan ta ce tana so ne?”

Rabi tana durƙushe a ƙasa, kanta a sunkuye. Ku tuna a gaban suruka take, a kan ɗan fari, mai sunan suruki. Ko wadda ta tashi a gaban uwa da uba ba lalle ta iya buɗe baki ba. Na ciji leɓena har na ji gishiri. Hajiya ta warware zanen ta fara gyara yaron za ta saɓa shi a baya.

“Inna, ku bar mini shi.” Da ƙyar muka ji. “Ban iya ba, amma ana koya mini.”

Hajiya ta tsaya. Ranta ya ɓaci, amma ba don roƙon ba. Ta ce ana koya miki, a asibiti? To zaman wankan da kika je Dapaong, me aka koya miki? Kun san haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Da cikin ya tsufa mijin ya sa Rabi a mota ya tura ta wajen Gwaggo. Hajiya ta je ranar suna, ta ga gida cike da mata, ta dawo da yamma hankalinta kwance. Mu ma duk zaman da muka yi da Rabi ba wanda ya taɓa tambayar wannan.

Rabi ta ce Gwaggo ta nuna mata inda itace yake.

Hajiya ta ce ba ta gane ba. Rabi ta yi bayani dalla-dalla, kamar yadda take yin komai. Washegarin suna Gwaggo ta koma kasuwa. Ita take jan ruwa, ta hura wuta, ta yi wankanta, ta yi wa jariri, ta dama kununta. Hajiya ta tambayi wa ya gasa mata jiki, wa ya riƙe mata yaro ta yi barci, wa ya nuna mata yadda ake kama nono. Ta ce ba kowa.

“Da kika dawo na tambaye ki, kika ce mini lafiya lau.”

“Lafiya lau ne, Inna. Ba wanda ya yi mini komai.”

Hajiya mace ce mai baki, a tashar Sotubuwa direbobi ma tsoronta suke, amma ranar na ga ta nemi kujera ta zauna. Ta miƙa wa Rabi yaron, ta ninke zanen goyon ta sa a jaka. Sannan ta juyo gare ni ta ce, da muryar likitan da ya gano cuta, yarinyar nan ba ta yi wanka ba. Ta tambayi ko akwai bishiyar darbejiya kusa da gidansu. A ranar ta kira 'yarta ta ce ta riƙe mata tukunyar waci, ita ta zauna Sokode sai abin da hali ya yi.

To ni rabin rayuwar aikina na yi shi ne ina yaƙi da wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa, don na ga matan da suka kumbura, zuciya ta gaza. Ga shi kuma wankan jego bayan wata tara da haihuwa ba shi da wani amfani a likitance. Na kai wa Musye Lare labari ina jiran ya yi dariya. Ya ce da yana da ikon rubuta magani, wannan zai rubuta. Sai na bi Hajiya gida muka yi ciniki: ruwa mai ɗumi ba tafasasshe ba, kunu ba kanwa. Ta ce wannan ai kunun asibiti ne, amma ta yarda. Sharaɗina na ƙarshe shi ne Rabi ta ci gaba da zuwa wajen Musye Lare, kuma ta yi ta zuwa har shekaru.

Ba zan ce muku ta warke sarai ba. Har yau in na gamu da ita a kasuwa na ce yaya gida, sai na tsaya na sake tambaya kafin in ji amsar gaskiya. Amma ɗanta a hannunta ya girma, da ƙannensa biyu, duka masu baki.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, a aikin nan mai ihu ba ya ɓata mana, shi da kansa zai kira ku. Ku ji tsoron gadon da ba ya damun kowa. In aka ba ku bayani da al'ada, ku karɓa da girmamawa, sannan ku koma ku duba lokacin da ba kowa, don abin da muka fi sani shi ya fi saurin rufe mana ido. Kuma in kun gama auna yaro, ku ɗago ku tambayi uwar wa ke kula da ita, ku jira amsa ta biyu.

Da suka dawo awon farko bayan sallama, na ɗora yaron a sikeli yana ta shure-shure, Hajiya tana waje tana faɗa da mai zem. Na tambayi Rabi yaya wanka. Ta waiwaya ta ga ba kowa kusa, ta matso ta rage murya, kamar za ta ba ni labarin wani abin mamaki da ya faru a gari.

“Tanti, jiya ruwan ya yi zafi, na ce mata ya yi zafi. Sai ta surka.”